Ƙanwar Marigayiya Ba Marigayiya Ba Ce

Hajiya, assalamu alaikum. Ni mutumin Wad Madani ne a ƙasar Sudan, shekaruna 41, da can ina noman gyaɗa da albasa a gonakin Jazira. Mun baro gida a watan Disambar 2023 da yaƙi ya iso mana, muka sauka Gadarif wajen iyayen matata. A daminar 2024 kwalara ta ɗauke mini ita, ta bar mini yara uku, mace ɗaya maza biyu, ƙaramin ko yaye bai kai ba. Bayan sadakar arba'in surukina ya kira ni ya ce ya ba ni ƙanwarta, don kada yaran su faɗa hannun bare. Na karɓa, ina ganin tunda uwa ɗaya uba ɗaya suke, zan samu ko da rabin abin da na rasa. Hajiya, ban samu ba. Marigayiya mai fara'a ce, gidanmu ba ya rabuwa da baƙi. Wannan kuwa sai ta wuni ba ta ce uffan ba, alhali da can ita ce sarkin tsokanata. Miyarta daban, gahawarta citta ta yi yawa. Na ba ta laffayoyin yayarta da humrarta, ta sa sau ɗaya ta ninke ta ajiye. Na ce yara su riƙa kiranta Umma, babbar ta ƙi. Wani lokaci bakina yakan suɓuce in kira ta da sunan yayarta, sai ta shige ɗaki ta yi ta kuka. Ba ta taɓa yi mini rashin kunya ba, yaran ma tana kula da su. Yanzu akwai wata mai shayi kusa da kasuwar amfanin gona inda nake dillancin riɗi, dariyarta da maganarta sak na marigayiya. In na zauna wajenta sai in ji kamar an dawo mini da ita. Ina so in aure ta. Shin in haɗa su, ko in sallami ta gida? Daga ɗanki a Gadarif.

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya jiƙan uwar 'ya'yanka, ya kai haske kabarinta. Hadisi ingantacce ya lissafa wanda ciwon ciki ya yi ajalinsa cikin shahidai, muna yi mata wannan fata. Allah ya raya abin da ta bari.

Ka shimfiɗa mini hanya biyu ka ce in zaɓa maka ɗaya. Ba zan zaɓa ba, don duk wadda ka bi wuri ɗaya za ta kai ka. Matar da ke kwance a maƙabartar Gadarif ita kake nema a jikin masu rai. Ka neme ta wajen ƙanwarta ba ka same ta ba, yanzu ka hango ta a bakin murhun mai shayi. Can ma ba ta nan, ɗana.

Na bi wasiƙarka ina neman inda ka gaya mini wace ce matar da ke gidanka. Abin da na samu shi ne jerin abubuwan da ba ita ba ce: ba ta da fara'ar wance, ba ta iya miyar wance, ba ta sa laffayar wance. Me take so? Me ke ba ta dariya? Makaranta take yi yaƙi ya katse mata, ko akwai saurayin da ake maganarsa kafin rasuwa ta faɗo? Ba ka faɗa ba, kuma ina kyautata zaton ba ɓoye mini ka yi ba, ba ka sani ba ne. Magana ɗaya ce tak ka yi a kanta ita kanta, ka kuma wuce da sauri kamar ba komai ba: ba ta taɓa yi maka rashin kunya ba, tana kula da yara. Yarinyar da aka miƙa wa yara uku rana ɗaya, ɗaya a goye, a garin da ake sayen ruwa da kuɗi a bayan jaki, a cikin gudun hijira. Wannan kai a wajenka layi guda ne, citta kuwa ta samu nata layin.

Mu tsaya kan shirun nan nata, don a nan maganar take. Ka ce da can ita ce mai tsokanarka. Haka al'adarmu take, daga Kano har Maiurno ta Sudan: ƙanwar mata abokiyar wasa ce, ta ɓoye maka takalmi, ta ce kai ne mijin yayarta marowaci, ka biye mata a yi dariya. Wasan nan yana da daɗi ne saboda akwai katanga a tsakani, kowa ya san iyakarsa. An wayi gari an rushe katangar, wanda take kira Yaya ya zama miji, a ɗakin da yayarta ta kwanta jinya, wataƙila a kan gadon da ta cika. Da wane baki za ta yi maka wasa? In ta yi dariya sai ta ji kamar tana murna da mutuwar da ta kawo ta gidan. In ta yi kwalliya sai ta ji kamar ta ci amanar wadda ta goye ta. Kai ka rasa mata, kowa ya zo ya yi maka ta'aziyya. Ita ta rasa yaya, kuma kafin hawayenta ya bushe aka ce ta tashi ta zama yayar. Kukan da take yi in ka kira ta da sunan marigayiya kuka biyu ne a haɗe: na wadda ta tafi, da na sanin cewa mijinta yana kallonta amma ba ita yake gani ba.

Ba ina cewa auren ya ɓaci ba ne. Abin da aya ta 23 a Suratun Nisa'i ta hana shi ne haɗa 'yan'uwa biyu a lokaci guda. Bayan rasuwar ɗaya babu laifi. Sayyidina Usmanu ya auri Nana Ruƙayya, ta rasu a kwanakin yaƙin Badar, shekara ta 2 bayan hijira, Annabi (SAW) ya aura masa ƙanwarta Ummu Kulsum a shekara ta 3. Surukinka ma niyyarsa mai kyau ce, tsoron kishiyar uwa ya ji wa jikokinsa, kuma wanda ya san abin da wasu marayu ke gani ba zai zarge shi ba. Amma akwai tambayar da ba ka taɓo ba: ita an tambaye ta? Na san a Malikiyyarmu an ba uba iko a kan auren budurwa, na kuma san yadda ake tambayar yarinya a gidan makoki, uwa na kuka, jariri na kuka, a ce "ai ke ce kawai za ki riƙe su." Wa zai iya cewa a'a a wannan zaman? Hansa'u 'yar Hizam ta kai ƙarar mahaifinta wajen Annabi (SAW) don ya aurar da ita ba da sonta ba, ya warware auren. Buhari ya kawo wannan. Ba don in tayar maka da hankali na faɗa ba. Na faɗa ne don ka san kai ma akwai yiwuwar ba kai ne wanda ta so ba, kuma ba ta rubuto wa kowa wasiƙa tana lissafa inda ka gaza ba.

Game da son da kake yi wa marigayiya, kada wani ya ce maka laifi ne, ko ya ce ka manta da ita. Annabi (SAW) ya zauna da Nana Hadiza shekara 25, ta rasu shekara 3 kafin hijira, bai daina ambatonta ba har ƙarshen rayuwarsa. Yakan yanka akuya ya aika wa ƙawayenta nama. Nana A'isha ta ce ba ta taɓa kishin wata mace kamar yadda ta yi kishinta ba, alhali ko ganinta ba ta taɓa yi ba. Wata rana Halatu 'yar Huwailid, 'yar'uwar Nana Hadiza, ta zo ta nemi izinin shiga. Ya ji irin sallamar Hadiza a muryarta, abin ya taɓa shi, sai ya ce: "Ya Allah, Halatu ce!" Ka lura da kyau. Kamar ta motsa masa zuciya, yadda dariyar mai shayi ke motsa taka, amma sunan da ya fito daga bakinsa na mai sallamar ne. Nana A'isha kishi ya kama ta, ta ce me ya sa yake ta tuna tsohuwar da ta daɗe da rasuwa bayan Allah ya musanya masa da wadda ta fi ta. A ruwayar Imamu Ahmad ya amsa cewa Allah bai musanya masa da wadda ta fi ta ba: ta yi imani da shi lokacin da mutane suka kafirce, ta gaskata shi lokacin da aka ƙaryata shi, ta taimake shi da dukiyarta lokacin da aka hana shi. To, wanda ya faɗi haka shi ne kuma da aka tambaye shi wa ya fi so cikin mutane ya ce A'isha. Bai nemi A'isha ta zama Hadiza ba. Nana Sauda da ya aura bayan rasuwar, wadda ta riƙe masa gida da 'ya'ya mata, ita ma da halinta ta zauna, mai barkwanci ce tana ba shi dariya. Gurbin Hadiza ya bar shi na Hadiza, kowace kuma ta samu nata wurin.

Yanzu ga wata magana da za ta ba ka mamaki, don ba ka tambaye ni ita ba. Laffayoyin nan da humrar da ka kwasa ka ba amarya, naka ne? An raba gadon marigayiya? Duk abin da mace ta mallaka, tufafi, zinariya, kwanoni, katifa, har ragowar sadaki in kana da bashinsa a kanka, gado ne. Tunda ta bar 'ya'ya, kai rubu'i ne naka, mahaifinta sudusi, mahaifiyarta sudusi, saura na yara. In aka kasa dukiyar kashi 12, kai ka ɗauki 3, iyayenta 2-2, yaran maza 2-2, macen 1. Ƙanwa ba ta da komai a ciki matuƙar akwai uba ko ɗa namiji. Ka ga ke nan kusan rabin abin da ka ɗora mata a jiki haƙƙin yara ƙanana ne. Ita da ta ninke ta ajiye ta fi ka gaskiya, ko ta san hukuncin ko zuciyarta ce kawai ta ƙi. Ka nemi malamin da ya san fara'ili, a zauna da surukanka a raba, a killace wa yarinya wani abu na uwarta da za ta buɗe ranar aurenta. Ita kuma matarka, in Allah ya buɗa maka bayan girbi, ka ba ta kuɗi ta shiga kasuwa da ƙafarta ta zaɓi laffayar da ranta ke so da turaren da hancinta ya yarda da shi. Kada ka raka ta, don na san za ka nuna mata launin da yayarta ke so.

Batun Umma kuma, ka sakar wa 'yarka mara. Yarinyar ta san uwarta, tana tuna fuskarta, kuma ƙin da ta yi ba taurin kai ba ne, tana tsare wa uwarta sunanta ne. A shekara ta 7 bayan hijira, da Annabi (SAW) zai baro Makka bayan umara, 'yar Sayyidina Hamza ta biyo su tana kira. Aliyu da Zaidu da Ja'afar kowa ya ce shi zai riƙe ta. Aka ba Ja'afar saboda 'yar'uwar mahaifiyarta ce matarsa, Annabi (SAW) ya ce 'yar'uwar uwa tana matsayin uwa. Matarka tana da wannan matsayi tun kafin a ɗaura muku aure, ba kai ka ba ta ba, kuma ba ya bukatar a sauya mata suna. Duk abin da suke kiranta da shi tun da can, Inna ce ko Halti, su ci gaba. Ƙaramin da ya tashi a bayanta shi da kansa zai kira ta abin da bakinsa ya ba shi. Abin da zan roƙe ka shi ne ku riƙa yi wa yaran hirar uwarsu, kai da ita tare. Babu wanda ya san yarintar marigayiya kamar ƙanwarta, babu wanda ya san girmanta kamar kai. Ina zaton wannan ce hirar farko da za ku yi ba tare da ɗayanku yana jin shi ɓarawo ne ba.

Wani ɓangare na laifin ba naka ba ne, namu ne gaba ɗaya. Mace in mijinta ya rasu shari'a ta ba ta wata 4 da kwana 10, ta zauna, ta yi kuka, a zo a dafa mata. Namiji kwana uku ake ba shi, rana ta huɗu a ce "Malam, sai haƙuri," a fara ƙirga masa 'yan matan dangi. Kai kuwa cikin watanni kaɗan ka rasa gonarka, ka rasa gidanka, ka rasa matarka, aka ɗaura maka aure kana cikin jiri. Ba ka yi makoki ba, ka ɗage shi ne, shi ne yake fito maka ta cikin miya da gahawa. Annabi (SAW) ya zubar da hawaye da ɗansa Ibrahim ya rasu, ya ce ido na zubar da hawaye, zuciya na baƙin ciki, amma ba ma faɗin sai abin da Ubangiji ya yarda da shi. Ka ziyarci kabarinta. Ka yi mata sadaka, ko buhun dawa ne ga 'yan gudun hijirar da ke zaune a makarantu. Ka samu dattijo guda da ba zai ce maka "kai namiji ne" ba, ka zazzage masa cikinka. In kuma barci ya ƙaurace maka, abinci ba ya shiga, ko ka fara jin rayuwar ba ta da amfani, wannan ya wuce shawarar jarida, ka ga likita.

Kai manomi ne, ka san abin da zan faɗa fiye da ni. A Jazira ruwa ta magudana yake zuwa, tun da aka gama madatsar Sinnar a 1925 manomi ya san ranar da za a buɗe masa ya shayar. Gadarif baƙar ƙasa ce mai tsagewa da rani, mai cire wa mutum takalmi da damina, ba ta san magudana ba sai abin da sama ta zubo, kuma dawa da riɗi take so, ba albasarka ba. Da ka iso ka zauna kana zagin ƙasar don ba Jazira ba ce, da yaranka sun kwana da yunwa. Sai ka yi tambaya, ka saurara, ka koyi riɗi har kana dillancinsa. Haƙurin da ka yi wa ƙasa, ka yi wa mace ko rabinsa.

Ga yadda nake ganin za ka fara. Ka zaɓi daren da yara suka yi barci, ka kira ta da sunanta na yanka, ka ba ta haƙuri a kan laffaya da suna da duk gwajin da ka yi ta yi mata. Kada ka haɗa da "amma." Sannan ka tambaye ta ko tana son zaman nan. Ba lalle ta amsa maka a ranar ba, kunya ba za ta bari ba. Ka nemi wata gwaggonta ko ƙawarta da take sakewa da ita ta jiyo maka gaskiya, ba mahaifiyarta ba, don ita tana da nata ciwon a cikin maganar. In ta ce za ta zauna, ka ɗauka yau aka kawo maka amarya wadda ba ka taɓa sanin danginta ba. Ka sha gahawar da cittarta. In ta yi maka yawa ka ce ta rage don kai ba ka so, ba don wance ba haka take yi ba. Mai shiru ce, to mai shiru ka aura; ta yiwu fara'ar ta dawo in ta samu sarari, ta yiwu kuma ba za ta taɓa zama mai tara baƙi ba. Hadisin Muslim ya ce kada mumini ya ƙi mumina, in ya ƙi wani hali nata zai yarda da wani. Ba zan yi maka alkawarin za ka so ta kamar yadda ka so yayarta ba. Wannan ba a hannuna yake ba, ba a hannunka ba.

In kuwa ta ce ita dole aka yi mata, to ka sawwaƙe mata cikin mutunci, saki ɗaya a cikin tsarki, ta yi iddarta kana ciyar da ita, ka haɗa mata da kyautar rabuwa gwargwadon ƙarfinka. Kai za ka je ka fahimtar da surukinka, kada ka bar ta ta sha zargin ta watsar da 'ya'yan yayarta. Yaran ba za su rasa ta ba: a fiƙihun Malikiyya renon yara ƙanana bayan uwa yana komawa ga kakarsu ta wajen uwa, sannan 'yar'uwar uwa, tun kafin a zo kan uba. Tana iya riƙe su a gidan iyayenta kana kai musu abinci, ba sai da igiyar aure a wuyanta ba.

Saura mai shayi. Ƙarin aure halal ne, ba ni ce zan haramta maka ba, ko da yake dillalin da ke zaune a gidan aro da yara uku ya kamata ya auna aljihunsa da sharaɗin adalcin da aya ta gindaya. Abin da na ƙi shi ne dalilinka. Ba ka ce mini tana da addini ba, ba ka ce ka san iyayenta ba, ba ka ce ko tana da miji a wani wuri da yaƙi ya raba su ba, kamar wasu matan da suka kafa murhu a bakin kasuwannin Gadarif da Kasala a shekarun nan. Dariya kawai ka ji. Dariyar nan kuma ta sana'a ce, kowane mai riƙe da kofi ana yi masa ita. Ka kai ta gida, mako biyu za ka gane ita ma miyarta daban, ka zo kana da mata biyu da kake jin haushinsu a kan laifin da ba su yi ba, ta gidan kuma ta ga an kawo wadda ta fi ta iya kwaikwayon yayarta. Wannan wulaƙancin ba ta cancance shi daga gare ka ba.

Ka ba kanka har zuwa ƙarshen girbin riɗi mai zuwa ba ka yi maganar aure da kowa ba. Kafin nan ka sauya wurin shan shayi, masu shayi ba su yi kaɗan a kasuwar nan ba. In tana bin ka kuɗin kofi, ka aiki yaro ya kai mata.